Kafin ka sayi tsohon ril na kamun kifin teku, duba kurakuran nan

Ril dai shi ne injin nan da ake ɗaurawa a jikin sandar fatsa yana naɗe zare. Tsofaffin na teku irin su Penn 704 da 706 na Amurka da Mitchell 302 na Faransa har yanzu suna yawo a gwanjo da eBay, kuma mutane na ta ƙonewa a kansu ba gaira ba dalili.

Kuskuren farko, mutum ya ji an ce tsoho ne sai ya ɗauka tsada ce. Ina! Penn sun fito da jerin Spinfisher 700 tun 1961, an buga su da yawan gaske, Mitchell ma haka a garin Cluses, don haka ba wani abu ne mai wuyar samu ba. Abin da ke ɗaga kuɗi shi ne fentin asali bai taɓu ba, ga kwalinsa ga takardunsa. Kuma don Allah kar ka auna da kuɗin da mai kaya ya rubuta, kowa na iya sa abin da ya ga dama, duba waɗanda aka riga aka sayar nawa suka tafi.

Na biyu shi ya fi cin mutane, kallon baya a manta ciki. Ruwan gishiri mugu ne wallahi. Jikin ril ɗin alminiyon ne, in ka ga fenti ya kumbura kamar ƙuraje ko wani farin gari a gefen kusoshi to gishiri ya riga ya shiga. Na taɓa ɗauko wani yana ta ƙyalli, na zo gida kusa ɗaya ta ce ba ta san zancen ba, kwana uku ina ɗiga mata mai, ƙarshe kanta ya cinye, da aka samu aka buɗe sai ga giris ya zama kamar busasshen tuwo da kore-kore a haƙoran giya. Tun daga nan in mai kaya bai yarda a buɗe murfin gefe ba, ko ya turo hoton ciki, na haƙura.

Amma fa tauri kaɗai kar ya kore ka. Sau da yawa tsohon giris ne ya daskare, ka wanke da kananzir ka sa sabo ya dawo garau, 704 ɗin ma boris ɗaya ne a cikinsa, ba wani sarƙaƙiya. Irin wannan ne ake samu da araha. Wanda za ka guda shi ne mai ƙarar gurzawa, ko hannun na girgiɗi, ko ƙafar da ke zama kan sanda ta tsage.

Sa farcenka ka zagaya bakin kwarkwaron zaren da ɗan gurgurar da zare ke bi ta kanta. In farce ya maƙale, nan zarenka zai tsinke ranar da babban kifi ya kama. Birkin kuma, wato abin da ke riƙe zare in kifi ya ja, ja zaren da hannu, ya fito sumul ba fizge-fizge ba, in yana fizgewa washa ne kawai ake canzawa.

Wasu kuma sai su ga 706 babu lanƙwasasshen ƙarfen nan mai kama zare su ce ya karye, a'a haka aka yi shi, da yatsa ake ɗora zaren.

Sai masu sake fenti. In aiki za ka yi da shi a bakin ruwa a Legas ko Kwatano, fenta abinka ba ruwan kowa, ka dai riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo duk dawowa tunda ba a toshe yake ba. In kuwa ajiya ce don ka sayar gaba, sabon fenti zubar masa da kuɗi yake, masu tara irin kayan nan sun fi son shi da ƙujewarsa.