Yadda ake sauka daga jirgin ruwa mai tafiya da iska a tsibiran Ada

'Yan uwa na Nima da Mamobi, kun ishe ni da tambayar yadda ake sauka daga irin wannan jirgi tun dawowata daga Ada Foah a ƙasar Gana, inda kogin Volta ke shiga teku. To, ga shi:

1. Saka rigar ceto tun kafin a tashi.
2. Ƙulle waya da kuɗi a leda.
3. Da an doshi tsibiri, zauna ka sunkuyar da kai.

Hattara: sandar da ke riƙe ƙyallen iska ba ta sallama in za ta juyo. Ni har yau da tabonta a goshina.

4. Jira matuƙi ya sauke ƙyallen.
5. Bari a jefa anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgi, igiya ta miƙe.
6. Cire takalmi.
7. Ku sauka ɗaya bayan ɗaya, kada ku taru gefe guda.
8. Tambayi lokacin komawa, don in ruwa ya janye, jirgi kan yashi zai zauna.