Ga masu jirgin shan iska a kogin Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Lahadi muna dawowa daga wajen ƙauyen Bubon bayan magariba, dab da gadar Kennedy, sai duk fitilun jirgina suka ɗauke, ga masunta da kwale-kwalensu a gabanmu. Wallahi hankalina ya tashi. Da na haska tocila, sai na tarar kan batirin ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari.

Don Allah kafin ku shiga ruwa ku kwance wayoyin batirin, ku fara da ta baƙin kai, ku goge da burushin ƙarfe, ku ɗaure tamau, sannan ku shafa basilin. Laima ce ke cin su a hankali. A sa fiyus kusa da batiri, batirin kuma a cikin akwati, nesa da jarkar mai, saboda tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.

Fitila ja tana hagu, koriya dama, fara a baya. Kada a musanya su, da su ne mai tahowa yake gane inda kuka dosa. Ni na koma fitilar LED mai bolt 12, ba ta shan batiri sosai. Tocila kuwa yanzu tana cikin leda, ƙarƙashin kujerata.