Yadda Ake Koyarwa da Mutum-mutumi a Manyan Makarantu Ta Yadda Hannun Kowane Ɗalibi Zai Kai

Akwai wani ɗakin gwaje-gwaje da na sani, a wata babbar makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba, inda kwalayen kayan haɗa mutum-mutumi suka shafe shekaru a cikin kabad, makullin yana aljihun mutum ɗaya. Ba a fito da su sai ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo, a kaɗe musu ƙura, a jera su a kan tebur, baƙi na tafiya a mayar da su. Ɗaliban da aka sayo kayan dominsu sun kammala karatu ba su taɓa riƙe ko da waya ɗaya daga ciki ba, balle ɗalibin da ba ya gani, ko kuwa wanda ke kan keken guragu da bai ma iya hawa benen da ɗakin yake ba. Shi ya sa nake ganin duk malamin da ke son shigar da mutum-mutumi cikin koyarwarsa, a Bauchi yake ko a Gombe, ya fara da tambayar hannun wa zai kai ga na'urar kafin ya tambayi nawa ake sayar da ita.

Mutum-mutumin da ake nufi a nan, wanda ɗalibai suka fi kira robot, ba lallai ne ya yi kama da ɗan'adam ba. Na'ura ce ƙarama mai sassa uku: abin da take jin duniya da shi, wato sensa, da ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa umarni, da kuma abin da ke motsi ko ƙara ko haske. Koyarwa da irin wannan na'ura ta daɗe, domin tun a ƙarshen shekarun 1960 Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka suka fito da harshen kwamfuta na Logo, suka kuma sa yara suna ba wata na'ura mai kama da kunkuru umarni tana tafiya a ƙasa tana zane. Hujjarsu ita ce mutum ya fi riƙe abin da ya haɗa da hannunsa, kuma wannan hujjar ba ta tsaya ga yara ba.

Mataki na farko shi ne ka san su wane ne a ajinka. Kafin zangon karatu ya kankama, ka nemi jerin ɗaliban da za su ɗauki kwas ɗin, ka kuma zauna da masu buƙata ta musamman ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ka tambaye su yadda suka saba karatu da abin da ya fi ba su wuya. Mai lalurar gani zai gaya maka ko yana karanta rubutun makafi ko da manhajar karanta allo yake aiki. Mai lalurar ji zai nuna maka ko maganar hannu ta makaranta ya iya ko wadda ya tashi da ita a gida, domin ba ɗaya suke ba. Amma kada lissafinka ya tsaya a nan. Akwai ɗalibin da ya fito daga sakandaren ƙauye wanda ranar jarrabawar JAMB ce ranar da ya fara taɓa kwamfuta, akwai ɗalibar da take goyo ba za ta iya zama ɗakin gwaji bayan magariba ba, akwai kuma mai basira da Turanci ke ɗaure wa harshe. Duk waɗannan suna cikin waɗanda tsarin da bai yi tunaninsu ba yake ture wa gefe. Ga masu lalura kuwa, wannan ba alfarma ba ce, domin dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin samun ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekaru biyar su gyara mashigansu.

Mataki na biyu shi ne ka zaɓi kwas ɗaya da matsala ɗaya. Kada ka buɗe sabon fanni tun tashin farko. Ka ɗauki makonni huɗu ko biyar daga kwas ɗin da kake koyarwa, ka ɗora su a kan wata matsala da ɗalibai suka sani a gidajensu, kamar na'urar da za ta auna laimar ƙasa ta kunna famfo ga mai noman rani a Dadin Kowa, ko wadda za ta yi ƙara idan tankin ruwa ya cika. Ta haka ɗalibin aikin gona da na nazarin koyarwa za su ga suna da abin cewa, ba na injiniya kaɗai ba.

Sai batun kaya, wanda shi ne mataki na uku, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Shawarata ita ce a sayi masu araha da yawa maimakon masu tsada kaɗan, domin na'urar da malami ke tsoron ta lalace ba zai bari a taɓa ta ba. Allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ke zama ƙwaƙwalwar na'urar, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, saboda tsarinsa a buɗe yake, kamfanoni da yawa suna yin irinsa, kuma manhajarsa kyauta ce, idan an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Samfurin Uno ya wadatar ga mai farawa. Akwai kuma wani ƙaramin allon mai suna micro:bit da BBC ta raba wa 'yan makaranta a Birtaniya a 2016, mai ƙananan fitilu 25 da maɓallai biyu a jikinsa, wanda samfurinsa na biyu da ya fito a 2020 yake ɗauke da lasifika da makirufo, abin da ya sa ya dace da ajin da ke da makaho da kurma a lokaci guda. Game da kayan haɗa mutum-mutumi na LEGO Mindstorms kuwa, duk da sunan da ya yi tun 1998, kamfanin ya daina ƙera shi a ƙarshen 2022, don haka wanda ya zuba kuɗi a kansa yanzu zai sha wuyar samun kayan gyara.

Ga kowane rukuni na mutum huɗu, ka tanadi allo ɗaya, da sensar auna nisa ta HC-SR04, da ƙaramar lasifika, da fitilu, da ƙananan injuna biyu masu juya taya tare da allon sarrafa su, da wayoyin haɗi fiye da yadda kake zaton za a buƙata. Jikin na'urar ba sai an saya ba, kwali da falange da murfin gora sun isa. Ka kuma yi abota da masu gyaran wayar hannu na kasuwar Wunti ko na babbar kasuwar Gombe, domin a wurinsu za ka samu ƙaramin injin da ke sa waya ta yi girgiza, kuma su ne gwanayen liƙa waya da dalma. Ba laifi ba ne malamin jami'a ya gayyato ɗayansu ya nuna wa ɗalibai yadda ake riƙe ƙarfen liƙi.

Mataki na huɗu gajere ne amma ba a tsallake shi. Ɗakin ya kasance a ƙasa, ƙofarsa ta ishi keken guragu, a samu tebur ko da ɗaya ne wanda gwiwar mai keke za ta shige ƙarƙashinsa. Kowane abu ya samu mazauni ɗaya da ba ya canzawa, saboda wanda ba ya gani da hannu yake hardace ɗaki. Kada ka dogara da wutar NEPA, ƙaramar sola da batir za su riƙe kwamfutocin tafi-da-gidanka na tsawon darasi. A rufe kaya cikin robobi masu murfi saboda ƙurar hunturu, kada kuma a bar batir a rana ko a cikin mota a zafin watan Afrilu.

Mataki na biyar, wato raba aiki a cikin rukuni, shi ne zuciyar al'amarin. Idan ka ajiye na'ura a gaban ɗalibai huɗu ka juya baya, cikin minti biyar za ka tarar wanda ya fi rawar kai ya janye ta gabansa, an miƙa wa mace biro da takarda an ce ta rubuta rahoto, mai lalura kuma yana zaune a gefe yana sauraro. Na ga hakan a ajina, kuma ban lura ba sai da wata ɗaliba ta tsaya bayan an tashi ta ce da ni, "Malam, mako uku ke nan ina rubuta abin da suka yi, yaushe ne ni ma zan haɗa?" Tun daga ranar na kasa aikin gida huɗu: mai haɗa wayoyi, mai rubuta umarni, mai gwadawa da aunawa, da mai bayani ga aji. Kowane darasi ana juyawa, ina kuma riƙe da takardar da ke nuna wa ya yi me. Idan ɗalibi ba zai iya wani aiki yadda aka saba yin sa ba, sai a sauya yadda ake yin aikin, shi kuma ya ci gaba da riƙe shi. Mai lalurar gani yana iya haɗa wayoyi idan aka bambanta su da ƙulli ko da zoben salatif maimakon launi, aka kuma bar shi ya shafa allon ya ƙirga ramukansa tun kafin a sa wuta. Yana iya rubuta umarni da taimakon NVDA, manhajar karanta allo da ake saukewa kyauta, amma a nan sai a zaɓa masa umarnin da ake bugawa da haruffa, domin irin wanda ake jan tubala da linzamin kwamfuta, kamar Scratch, ba ya karantuwa da kyau ga irin wannan manhajar. Shi kuwa Scratch yana da amfani ga wanda bai saba da kwamfuta ba, kuma ana iya juya shi zuwa Hausa. Mai lalurar ji a ba shi bayanin darasi a rubuce kwana ɗaya kafin a shiga, malami ya fuskance shi idan yana magana, kuma a zauna da tafintan maganar hannu a daidaita alamomin da za a yi wa kalmomi irin su sensa da batir.

Mataki na shida shi ne darasin farko, kuma ina ba da shawarar a fara da auna nisa. Sensar HC-SR04 tana tura sautin da kunnen mutum ba ya ji, ya bugi abin da ke gabanta ya dawo, tana kuma iya auna daga santimita 2 zuwa kusan mita 4. Allon yana ƙirga lokacin da sautin ya ɗauka, a ninka da gudun sauti, a raba biyu saboda tafiya ce da dawowa. Gudun sauti a iska mita 343 ne a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20 a ma'aunin Celsius, amma yana kaiwa wajen 355 idan zafi ya kai 40, kamar yadda yakan kai a garuruwanmu kafin faɗuwar damina. Ka bar ɗalibai su auna nisan bango da tef, su kwatanta da abin da na'urar ta ce, su nemo dalilin ɗan bambancin da kansu. Daga nan sai ka gindaya sharaɗin cewa dole na'urar kowane rukuni ta sanar da kusantar bango ta hanyoyi uku, wato ƙara da haske da girgiza. Wannan sharaɗin yana sa kowa a ajin ya iya tabbatar da kansa ko aikin ya yi, yana kuma koya wa injiniyan gobe ya riƙa tuna cewa masu amfani da abin da ya ƙera ba iri ɗaya ba ne.

A nan akwai wani gargaɗi. Kusan kowace shekara za a samu rukunin da zai ce zai ƙera wa makafi sanda mai magana, da kyakkyawar niyya, ba tare da ya tambayi makaho ko ɗaya ba. Idan da sun tambaya, da an gaya musu cewa bango ba shi ne matsala ba, sanda ta riga ta iya da shi, abin tsoro shi ne buɗaɗɗen lambatu da rami, waɗanda sensar da ke kallon gaba ba ta ganinsu. Don haka idan aikin ya shafi masu wata lalura, mai lalurar ya zama shi ne jagoran tsarawa idan ya yarda, kuma kada a tilasta masa. Wataƙila shi na'urar ban ruwa ce ke ransa.

Mataki na bakwai shi ne bayar da maki. Idan ka ɗora makin duka a kan ko na'urar ta yi tafiya ranar ƙarshe, to ka ba rukuni dalilin miƙa komai ga gwaninsu. Ka ware kaso mai tsoka ga bayanin da kowane ɗalibi zai yi shi kaɗai a gaban na'urar, inda za ka zare waya ɗaya ka ce ya gano abin da ya lalace. Ya amsa da baki, ko a rubuce, ko da maganar hannu ta bakin tafinta, kuma idan Hausa ce za ta fitar da abin da ke kansa a lokacin gwaji, ka saurare shi kafin ka nemi ya mayar da shi Turanci a rahoto.

Mataki na ƙarshe shi ne abin ya zauna da gindinsa a makaranta, kada ya tafi ranar da aka yi maka canjin wurin aiki. Sabon tsarin manhajar jami'o'i da hukumar NUC ta ƙaddamar a watan Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta, kuma ta wannan ƙofar ce sashe a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere zai iya kai irin wannan kwas gaban majalisar jami'a. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna bi ta hukumar NBTE, na horar da malamai kuma ta NCCE, kuma a ganina waɗannan na ƙarshe, irin su Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gombe, su ne suka fi cancantar a fara da su, tunda ɗalibansu ne za su shiga azuzuwan firamare da sakandare. Idan za ka nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun hukumar makarantarku, ka je da abin da ka riga ka yi: takardar juya aiki, da makin ɗalibai, da na'urorin kwali da suka haɗa, sa'annan ka sa kuɗin tafinta da na kayan gyara a cikin kasafin tun farko.

A ƙarshen zango ka ƙirga kayan tare da ɗalibai, a rubuta abin da ya ƙone da abin da ya ɓace ba tare da an ci tarar kowa ba, a maye gurbinsu kafin a dawo hutu. Ka zaɓi biyu ko uku daga cikin waɗanda suka gama, har da mace da mai buƙata ta musamman, su zama masu taimaka wa sabon aji. Makullin kabad kuma a yanko irinsa ya zama guda uku, ɗaya wurinka, ɗaya wurin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ɗaya wurin shugaban sashe, a kuma liƙa a ƙofa ranaku da sa'o'in da ɗakin zai kasance a buɗe ga duk ɗalibin da ke son dawowa ya ƙarasa aikinsa.