Yadda ake mayar da taragon wasan yara ya zama kamar na jirgin ƙasa na gaske

Mu a Yamai muna da tashar jirgin ƙasa tun 2014, ga layin dogo da aka shimfiɗa har Dosso aka ƙaddamar a 2016, amma jirgin fasinja bai kama zirga-zirga a kai ba. Wataƙila shi ya sa da na tsinci taragu biyu na roba cikin kayan gwanjo, ja wur suna ƙyalli kamar alawa, na ce ba zan bar su a haka ba.

Taragun da nake magana su ne manya, masu gudu a kan dogo mai faɗin milimita 45. Kamfanin LGB na Jamus ne ya yayata wannan girman tun 1968, a kan ma'aunin 1:22.5, wato santimita ɗaya a taragonka daidai yake da santimita 22.5 a na gaske. In ka ninka 45 sau 22.5 za ka samu kusan mita ɗaya, kuma wannan shi ne faɗin dogon Kwatano zuwa Paraku, da na Abijan zuwa Wagadugu, da namu na Dosso. Ke nan jiragen yankinmu za ka kwaikwaya, ba sai ka je nesa ba.

Fara da rula kafin zarto. Mutum mai tsawon mita 1.70 zai zama santimita 7.5, ƙofa kuma wajen 9. Yanka ɗan mutum na kwali ka tsayar a bakin ƙofar, nan take za ka ga inda mai ƙera abin wasan ya yi ha'inci. Yawanci a tsawon taragon ne, daga wannan kai zuwa wancan. Tarago mai santimita 30 bai kai mita 7 ba a zahiri, alhali na fasinja kan kai mita 15 zuwa sama.

Maganin shi ne a haɗa biyu su zama ɗaya, kuma nan aikin yake. Kwance komai, ka zuba sukurorin a gwangwanin tumatir don kada su ɓace. Ja layin yanka a ginshiƙin da ke tsakanin tagogi biyu, ta yadda in an haɗa, tazarar tagogin za ta tafi bai ɗaya. Ido ba ya gane santimita, amma taga ɗaya da ta matse kusa da 'yar'uwarta kowa zai gani. Yanka da zarto mai ƙananan haƙora, ka bar ɗan rara, sannan ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil ka riƙa goga bakin har ɓangarorin biyu su haɗu ba tare da haske ya ratsa ba. Gwada gam ɗinka a kan guntun da ka yanke tukuna, domin akwai roba mai santsi irin ta bokiti wadda gam ba ya kamawa, ita sai sukurori. Ta ciki ka ɗora faci na filastik a kan mahaɗar, a ƙasa kuma ka shimfiɗa siririn katako ɗaya tun daga wannan kai har wancan. A kasuwar Katako ta Yamai za ka samu guntayen katako da na alminiyom. Tsagar da ta rage ka cike da mastik ɗin masu gyaran jikin mota, ya bushe, ka goge.

Kada kwaɗayin tsawo ya ja ka. Kwana mafi matsi a dogon LGB santimita 60 ce daga tsakiyar da'irar zuwa layi, dogon tarago ba zai sha ta cikin mutunci ba. Ni a wajen santimita 55 nake tsayawa.

Tarago mai wannan tsawon yana son bogi, wato 'yar kurar nan mai ƙafa huɗu da ke juyawa a ƙarƙashin kowane kai. In ka samu ƙafafun ƙarfe, sa su a madadin na roba. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa ta zama milimita 40. Manna 'yan notuna a ƙasa don nauyi, ka kuma matso da ƙugiyar haɗi ciki, don kada a bar gibin da raƙumi zai wuce tsakanin tarago da tarago.

Gilashin taga daga murfin faifan CD, benci daga tsinken askirim, madafar ƙofa daga waya.

Sai fenti, wanda shi ke kashe ƙyallin nan. Wanke da sabulu, goga da samfefa mai laushi, fesa fentin shimfiɗa ruwan toka, sannan launin da kake so, marar sheƙi, sau biyu ko uku sama-sama. Kada ka yi a tsakar gida lokacin hunturu. Na taɓa yi cikin Janairu, buji ta manne a jiki, sai da na kankare duka na sake. Yanzu da sassafe nake fesawa, in kifa kwali a kai.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsufar da tarago. Wanda ya ratsa ƙasarmu ba ya zama fes. Samo jar ƙasa, tankaɗe da rariya mai laushi, ka shafa da busasshen burushi a ƙafafu da gindin jiki, inda ƙura ke taruwa. Garin gawayi kaɗan a rufi. Fenti ruwan tsatsa da aka tsinka sosai a ɗiga ƙarƙashin tagogi, a ja shi ƙasa yadda ruwan damina ke gangarowa. Duba bayan motar da ta dawo daga Tawa ka kwaikwayi yadda ƙura ta kwanta mata. Daga nan ka fesa banish marar sheƙi sama-sama ya riƙe garin. Zai ɗan dusashe launin, sai ka ƙara.

In ka gama, ajiye shi cikin ɗaki. Ranar Afrilu a Yamai ta wuce digiri 40, rufin taragona na farko a kan katanga ya lanƙwashe kafin la'asar.