Abin da Badamagare zai yi idan fasfonsa ya ɓace a ƙasar waje

Kafin ka bar Damagaram, ka ɗauki hoton fasfonka da takardar haihuwarka a waya, ka kuma bar kwafi wurin wani na gida. Da ka sauka, idan zaman zai yi tsawo, ka je ofishin jakadancin Nijar ka yi katin rajista, domin shi ne zai tabbatar da kai ɗan ƙasa ne ranar da takardu suka salwanta.

Idan fasfon ya ɓace, fara da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka karɓi takardar shaidar ɓata. Da ita da hotuna da kwafin nan za ka nufi ofishin jakadanci: wanda ke Kano ko Jidda ba sai ya wahala zuwa Abuja ko Riyad ba, tunda akwai ƙaramin ofishi a garuruwan biyu. Galibi takardar komawa gida ake bayarwa, wadda ba ta maye gurbin fasfo.

Wanda aka tsare kuwa, Yarjejeniyar Biyana ta 1963, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan aikin ofisoshin jakadanci, ta ba shi damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Jami'ai na iya ziyartarsa, su taimaka wajen samo masa lauya, amma ba su da ikon soke hukuncin kotu.