Yadda ake fita kallon wata da ɗaukar hotonsa tare da kare

Wanda yake kiwon kare domin gadi ko farauta ya san cewa dabbar da ta yini a ɗaure tana buƙatar miƙe ƙafa da yamma, kuma ana iya haɗa wannan fita da kallon wata da ɗaukar hotonsa, muddin an zaɓi ranar da ta dace. Zaɓen ranar bai da wuya ga mai bin lissafin watan Musulunci, domin kwanan watan shi ne yake nuna inda wata zai kasance. Jinjirin wata yana bayyana a yamma bayan magariba ya faɗi da wuri, a wajen bakwai ga wata ana ganin rabinsa can sama da faɗuwar rana, a sha huɗu ko sha biyar kuma yana fitowa daga gabas a cike daidai lokacin da rana take faɗuwa. Kowace rana fitowarsa tana jinkiri da kimanin minti 50, don haka wanda ya koma wurin jiya a lokacin jiya zai yi ta jira.

A ganina, yammacin 12 ko 13 ga wata ya fi daren sha huɗu amfani ga mai kyamara. A waɗannan ranaku wata ya kusa cika, amma yana fitowa tun rana ba ta faɗi ba, saboda haka akwai sauran haske a ƙasa, kuma kyamara za ta iya kama watan da bishiyar kuka da karen a hoto guda. Da zarar duhu ya yi, bambancin haske tsakanin sama da ƙasa ya fi ƙarfinta: ko dai watan ya fito sarai komai ya zama baƙi, ko kuma ƙasa ta fito watan ya koma farin dunƙule marar fasali. Wata fa'idar kuma ita ce ana iya gamawa a koma gida a samu sallar magariba.

Kafin a taɓa kyamara, a fara sallamar karen. A yi tafiya da shi ta akalla rabin awa ya shinshina abin da zai shinshina, a ba shi ruwa, sannan a nemi fili mai buɗaɗɗen gabas, nesa da fitilun titi. A ɗaure igiyarsa a kututture ko a taka ta da ƙafa. Kada a kuskura a ɗaura ta a jikin abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, domin ɓera ɗaya ya gilma, kare da kyamara za su bi shi tare.

Abin da yake ɓata yawancin hotunan wata shi ne kyamara tana ganin duhun sama sai ta ƙara haske, alhali wata dutse ne da rana take haskawa, kuma awon hasken rana ya kamata a yi masa. Masu babbar kyamara sukan fara da saita ta a ISO 100 (awon ƙarfin karɓar haske) da f/11 (awon buɗewar gilashi) da saurin ɗauka na 1/100 na daƙiƙa ga cikakken wata, su ƙara haske kaɗan idan rabi ne ko jinjiri. Mai waya kuwa ya danna yatsa a kan watan a allo har ya tsaya cak, sannan ya ja alamar haske ƙasa har sai baƙaƙen tabon da ke fuskarsa sun fito. A kashe filasha, domin ba za ta kai nisan kilomita 384,000 ba, abin da za ta yi kawai shi ne ta firgita karen. A jingina wayar a kan dutse ko katanga, a sa mata jinkirin daƙiƙa biyu ko uku saboda girgizar hannu. Wata kan fito ƙarami a hoto fiye da yadda ido ya gan shi, domin faɗinsa a sama rabin digiri ne kawai, kuma janyo shi da yatsu fiye da ƙarfin gilashin wayar ba ya ƙara komai sai dishi-dishi.

Idan ana son karen ya fito a gaban babban wata, sai a tafi da abokin tafiya wanda karen ya saba da shi. Shi zai tsaya da karen a kan tudu ko jigawa ta gabas, mai hoto ya ja da baya sosai ya janyo su da dogon gilashi. Nisan da aka ja shi ne yake ƙanƙantar da karen har watan ya yi girma a bayansa. A shirya tun kafin ya ɓullo, domin cikin kimanin minti biyu yakan gusa da gwargwadon faɗinsa.

Mai son ramuka da duwatsun wata ya fita tsakanin shida da tara ga wata, ya duba iyakar haske da duhu, inda inuwa take tsawo, ko da tabaran hangen nesa na hannu ne. Cikakken wata ba shi da wannan inuwa, sai dai a lokacinsa ne ake ganin fararen layukan da suka bazu daga wani ramin wata mai suna Tycho. A kan jinjiri kuma a lura da ɓangaren duhu mai ɗan haske toka-toka, wanda hasken rana ne da duniya ta mayar masa. Hazon hunturu yana mayar da wata ja ya ɓoye ƙananan siffofinsa, sama kuma ba ta taɓa yin garau kamar bayan an ɗauke ruwa da damina.

Idan za a kai dare, a sa takalmi rufaffe a riƙe tocila saboda maciji da kunama, a sanar da 'yan sintirin unguwa, a kuma guji gonakin mutane da garken dabbobi da duk wurin da tsaro bai inganta ba. Karen ya kasance an yi masa allurar rigakafin hauka. Da an dawo gida a duba tsakanin yatsunsa da cikin kunnuwansa, a cire ƙarangiya da kaska kafin a mayar da shi wurin kwanansa.