Yadda na farfaɗo da enzayim a kan ƙwayoyin maganaɗisu

Sati uku ina fama. Na ɗaure lifes, wato enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) da ke fasa mai, a jikin ƙananan ƙwayoyin Fe3O4 (baƙin garin ƙarfe da maganaɗisu ke ja) da gulutaraldihayid, sinadarin da ke haɗa su, amma da ƙyar yake fasa mai. Ashe ruwan Tris, wanda nake amfani da shi don daidaita tsami (pH), shi ne ya ja min. Yana ɗauke da amin, wani rukunin sinadari da gulutaraldihayid ke kamawa, wanda ke riga enzayim kame gurbin ɗaurin a jikin ƙwayoyin, sai lifes ya bi ruwan wanki. Na koma ruwan fosfet mai pH 7, wanda ba shi da amin, na rage gulutaraldihayid, domin idan ya yi yawa yakan ɗaure enzayim tamau. Ƙwayoyin da suka dunƙule kuwa, na warwatsa su da injin girgiza tukuna. Yanzu ina kara maganaɗisu jikin kwalba, baƙin garin ya taru gefe, in wanke, in sake sa shi aiki.